Luwi Birel, Ɗan Badukun da Ya Sama wa Makafi Rubutu

Duk wanda ya taɓa shiga wani babban gidan bene na zamani ya hau lif, watau ɗan ɗakin nan mai hawa da mutane sama, watakila ya lura da waɗansu 'yan ɗige-ɗige masu tudu kusa da lambobin da a ke dannawa, kamar an manna ƙwayoyin gero a jikin ƙarfe. Wani sa'i kuma a kan gan su bisa ɗan allo a gefen ƙofar ofis ko ta asibiti, ƙarƙashin baƙaƙen boko waɗanda su ma an yi su da tudu. Da yawa daga cikinmu zato mu ke ado ne, waɗansu kuwa ko kula ba su yi ba. To, rubutu ne, da yatsa a ke karanta shi. Wanda ya ƙago shi kuwa ɗalibi ne kamarmu, yaro ɗan shekara 15, daga baya kuma ya zama malamin makaranta. Saboda haka na ga ya dace labarinsa ya shiga wannan mujalla tamu. Sunansa Luwi Birel, Turawa kuwa Louis Braille su ke rubutawa.

An haife shi ran 4 ga watan Janairu, 1809, a wani ƙauye wai shi Coupvray, mil 20 da 'yan kai gabas da Faris, babban birnin ƙasar Faransa. Zamanin nan Nafoliyon ke mulki. Ubansa, Simon-René, baduku ne, sirdi da ragama da majayi da sauran kayan doki ya ke yi wa manoman wurin, yana kuma da 'yar gona da garkar inabi. Uwarsa sunanta Monique. Su huɗu ne wurin iyayensu, Luwi ne auta.

Yana ɗan shekara 3, ran nan sai ya shiga rumfar aikin uban, ya ɗauki wani ƙarfe mai tsini, ya nufi ya huda fata yadda ya saba ganin ana yi. Fata ta yi masa tauri, ƙarfen ya zame ya soke shi a ido. Aka yi ta magani irin na ƙauye, bai yi ba. Idon ya kumbura, ciwon ya tsallaka ya kama ɗayan, kafin yaro ya cika shekara 5 duka biyun sun rufe.

A Faransa ta wancan lokaci, in ɗan talaka ya makance, abin da ke jiransa shi ne bara a bakin coci ko a kasuwa, abin da mu ma ba baƙonsa ba ne a ƙasarmu. Iyayen Luwi ba su yarda da wannan ba. Suka bar shi yana yawo cikin ƙauye da sandarsa har ya san ko wace hanya, suna kuma ba shi 'yan ayyukan hannu a gida kamar sauran yara. Sai ga wani fada, mai suna Jacques Palluy, an kawo shi cocin ƙauyen. Ya ga yaron yana da kai, ya riƙa kiransa yana koya masa abubuwa da baki. Da ya ga abin ya fi ƙarfin wannan, sai ya je wurin malamin makarantar ƙauyen, Antoine Bécheret, ya roƙe shi ya karɓi Luwi cikin aji tare da yara masu ido.

A nan ina so 'yan'uwana ɗalibai su ɗan dakata. Malamin nan ba wanda ya taɓa koya masa yadda a ke karantar da makaho. Ba shi da littafi ko ɗaya da yaron zai iya taɓawa ya gane, ba shi da wani kayan aiki na musamman. Da ya ce ba zai iya ba, da ba wanda zai ga laifinsa. Abin da ya yi kawai shi ne ya ba yaro wuri bisa benci, ya bar shi ya saurara. Luwi kuwa duk abin da ya shiga kunnensa ya zauna ke nan, har ya zama yana cikin na gaba-gaba a ajin. Da yawa daga cikinmu za a tura mu ƙauyuka in mun gama, kuma ba wuya wata rana wani uba ya zo mana da irin wannan yaro riƙe a hannu.

Amma sauraro yana da iyaka. In malam ya ce a buɗe littafi, ko a ɗauki alƙalami, sai Luwi ya zauna hannu sake. Fada Palluy ya ji labarin akwai makarantar makafi a Faris, ya nemi taimakon wani basarake mai ƙasa a wurin, aka sama wa yaro sukolashif. Cikin watan Fabrairu, 1819, yana ɗan shekara 10, uban ya kai shi.

Makarantar nan ita ce ta fari irinta a duniya, kuma dole mu faɗi wani abu a kan wanda ya kafa ta, domin hannunsa na nan har yau bisa allunan ƙofofin da muka ambata. Sunansa Valentin Haüy, tafinta ne mai jin harsuna da dama, idonsa kuwa garau. A 1771 ya je wata kasuwar shekara a Faris, ya tarar an tara waɗansu makafi an sa musu dogayen huluna na ba'a da tabarau na kwali, an ba su kayan kiɗa suna ta sharɓe-sharɓe, jama'a na ta tuntsira dariya. Abin ya tsaya masa a rai. A 1784 ya sami wani saurayi makaho, François Lesueur, yana bara a ƙofar coci, ya ɗauke shi ya fara koya masa karatu, yana kuma biyansa kuɗin da zai samu da ya tsaya bara, don kada gidansu su rasa abinci. Daga ɗalibi ɗaya makaranta ta tashi. Dabarar Haüy ita ce a jiƙa takarda mai kauri, a danna ta bisa manyan baƙaƙe na ƙarfe, in ta bushe sai baƙaƙen su fito da tudu, makaho ya bi su da yatsa.

Dabara ce mai kyau ga wanda ya dube ta da ido. Ga yatsa kuwa wahala ce. Baƙaƙen boko an yi su ne don ido, ido kuwa ya kan ɗauki kalma ɗungum a kallo ɗaya. Yatsa sai ya bi ko wane lanƙwasa da ko wace ƙafa ta harafi kafin ya rarrabe C da G, ko O da Q. Kafin yaro ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Saboda baƙaƙen manya ne, ɗan gajeren labari sai ya cika littafi mai nauyin da yaro ba ya iya ɗauka, ga tsada, shi ya sa littattafan makarantar duka 'yan kaɗan ne, ba a daɗe ba Luwi ya karance su. Babban abin kuma shi ne makaho ba ya iya rubuta irin wannan da kansa, sai a maɗaba'a. Watau yana iya karanta abin da masu ido suka ga dama suka buga masa, amma ba ya iya ajiye nasa tunani, ko ya rubuta wa abokinsa wasiƙa.

Ginin makarantar kuwa, a titin Saint-Victor, tsoho ne tukuf, da makarantar koyon aikin fada ce, an ma taɓa mai da shi kurkuku lokacin juyin mulkin Faransa. Ga danshi, ga duhu, ga rashin iska, yara suna ta tari. Duk da haka Luwi ya so wurin. Ya koyi ɗinkin silifa har aka sa shi kula da masu yinsa, ya koyi kiɗa, ya kan kwashe kyaututtuka a ƙarshen shekara. A nan ya sami abokai biyu, Gabriel Gauthier da Hippolyte Coltat, waɗanda ba su rabu ba har mutuwa. Coltat ne ma ya rubuta labarinsa bayan ya rasu.

A 1821 aka yi sabon shugaba, likita ne, sunansa Pignier, mutum mai son yaran. Cikin shekaran nan aka gwada wa ɗalibai wata sabuwar hanyar rubutu ta wani tsohon hafsan soja mai suna Charles Barbier. An daɗe ana ba da labari wai don sojoji ya ƙago ta, su riƙa karanta saƙo da dare ba tare da kunna fitila ba. Masu binciken da suka duba takardunsa a 'yan shekarun nan sun nuna mutumin makafi ya ke nufi tun asali, da sauran waɗanda karatun boko ya gagara. Ko ma dai yaya, shi ne ya fara gane abin da ya kuɓuce wa kowa, watau yatsa ya fi jin ɗigo da layi. Ya jera muryoyin harshen Faransanci guda 36 cikin gidaje, shida a tsaye shida a kwance. In za a rubuta murya sai a yi ɗige-ɗige sahu biyu a tsaye, ko wane sahu daga ɗigo 1 zuwa 6, na hagu ya nuna layin da muryar ta ke, na dama ya nuna gidanta cikin layin. Ya kuma yi ɗan allo mai ramuka da tsinken ƙarfe, wanda makaho zai huda takarda da shi ya yi rubutu da kansa.

Yara suka yi murna ƙwarai, gama ran nan ne suka fara rubutu da hannunsu su kuma karanta abin da suka rubuta. Amma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ba a jima ba suka ga aibin abin. Alama ɗaya ta kan kai ɗigo 12, tsawonta ya fi kan yatsa, sai an yi sama an yi ƙasa ana ƙidaya. Kuma da ya ke irin da aka kawo musu murya ya ke bi, ba harafi ba, yaro ba zai koyi yadda a ke rubuta kalma daidai ba, ba lambobi, ba alamar tsayawa, ba hanyar rubuta kiɗa.

Luwi yana ɗan shekara 12 sa'ad da abin ya zo hannunsa. Shekara uku ya yi yana fama da shi, da dare in 'yan'uwansa sun yi barci, da lokacin hutu a Coupvray, daga shi sai takarda da allo da tsinke. Wani abin mamaki, tsinken nan da ya ke huda takarda da shi bai bambanta sosai da basillar dukawa ba, irin kayan aikin da ya girma a cikinsu. A 1824 ya kai wa Pignier abin da ya samu.

Ga yadda ya ke. Ya rage gidan ya koma ɗigo 6 kaɗai, uku a hagu uku a dama, daidai yadda kan yatsa zai rufe shi a taɓawa ɗaya ba sai ya motsa ba. Wanda ya ke so ya gane sosai, ya yi ramuka shida a ƙasa kamar na dara, sahu biyu a tsaye, ya sami tsakuwa shida. Na hagu daga sama zuwa ƙasa su ne 1, 2, 3, na dama kuwa 4, 5, 6. Ko wane rami ko da tsakuwa ko babu. Masu lissafi cikinmu za su ga biyu sau biyu har sau shida 64 ke nan, in an cire gidan da ba kome saura 63. Alamu 63 kuwa sun ishi abacada duka, da alamun tsayawa, har da saura. Ɗigo na 1 shi kaɗai shi ne a. Na 1 da na 2 b ke nan, na 1 da na 4 kuwa c. Haka ya bi har j, haruffa goma, bai taɓa ramuka biyu na ƙasa ba. Da ya zo goma na biye sai ya maimaita goman farko ya ƙara wa ko wanne ɗigo na 3, watau a ta zama k, b ta zama l, har zuwa t. Sauran kuma ya ƙara musu na 3 da na 6. Saboda haka yaron da ya riƙe goman farko ya kusa gama abacada. Duk malamin da ya dubi wannan tsari zai san mai yinsa ya yi tunanin mai koyo. Harafin w kaɗai ya fita daga sahu, domin Faransawa ba su cika amfani da shi ba, sai daga baya aka sa shi. Mu da kusan ko wace jimla tamu akwai w, da a wurinmu aka yi abin da ba a manta da shi ba.

In za a rubuta, a kan sa takarda cikin allon, a huda daga baya, ana farawa daga dama zuwa hagu kamar ajami, sa'an nan a juya takardar a karanta tudun daga hagu zuwa dama.

A 1828 aka naɗa shi ƙaramin malami a makarantar, a 1833 ya zama cikakken malami. Ya koyar da nahawu da tarihi da labarin ƙasa da lissafi da kiɗa. Waɗanda suka zauna gabansa sun shaide shi da haƙuri da iya bayani a taƙaice, a zamanin da duka da horon yunwa su ne abin da a ke ba yara tsoro da su. Gwani ne kuma wajen kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan na coci, har daga 1834 zuwa 1839 shi ke kaɗawa a cocin Saint-Nicolas-des-Champs. A 1829, yana da shekara 20, ya buga ɗan littafin da ya bayyana hanyarsa, har da yadda za a rubuta kiɗa da ita, a ciki kuwa bai ɓoye ba cewa daga Barbier ya samo tushen abin. Bugun farkon nan akwai 'yan gajerun layuka gauraye da ɗige-ɗige, amma da ya ga suna rikitar da yatsa sai ya zubar da su a bugu na biyu, na 1837. Cikin wannan shekara kuma makarantar ta buga littafi na fari da sabon rubutun, tarihin Faransa ne, kundi uku.

Akwai wani aikinsa da ba a cika faɗa ba. Ya damu da cewa iyayen ɗalibansa ba su iya karanta ɗige-ɗigen nan, to yaya yaro zai aika wa uwarsa wasiƙa? A 1839 ya fito da hanyar da makaho zai jera ɗige-ɗige su ba da siffar baƙaƙen boko sosai, mai ido ya karanta da ido, shi kuma ya duba da yatsa. Wani abokinsa makaho, Pierre Foucault, ya ƙera na'urar yin wannan rubutu, tana cikin kakannin keken rubutu.

Sai ga wahala ta zo daga inda ba a zata ba. A 1840 aka tuɓe Pignier, mataimakinsa Pierre-Armand Dufau ya hau. Dufau ya hana rubutun Luwi a makarantar, ya sa aka karɓe alluna da tsinkaye, har waɗansu littattafai aka ƙone. Hujjarsa ita ce, in makafi suka riƙe rubutun da masu ido ba su iya karantawa, za su ware ke nan daga sauran jama'a, gara su koyi baƙaƙen da kowa ya sani. Gaskiya ni ban ɗauki wannan hujja wauta ba, akwai abin dubawa cikinta. Kuskuren mutumin shi ne ya yanke hukunci a kan yatsun da ba nasa ba, bai tambayi masu su ba. Akwai kuma wani dalili wanda ba a faɗa a fili: malamai masu ido ba su so su zauna koyon sabon rubutu, suna kuma tsoron in makafi suka iya koya wa junansu, aikinsu ya tafi.

Yara dai ba su bari ba. Aka karɓe tsinke suka koma ƙusa da cokali mai yatsu da allurar saƙa. Manya suna koya wa ƙanana a ɓoye da dare, ana kama su ana yi musu horo, gobe su koma. Luwi kuwa da rana yana aji yana koyarwa da baƙaƙen da aka umurce shi, ya sani sarai wanda ya fi. Mataimakin Dufau, Joseph Guadet, mai ido ne, amma ya zauna ya lura da yadda yaran ke gudu cikin ɗige-ɗige suna rarrafe cikin baƙaƙe, ya yi ta ba maigidansa magana har ya sauko.

Tun 1838 wani mawallafi ɗan majalisa, Lamartine, ya tashi a Majalisar Wakilai ya kwatanta irin ƙazamin ginin da yaran ke ciki, aka yarda a gina sabo. Ran bikin buɗe shi, cikin Fabrairu, 1844, Guadet ya tashi gaban manyan baƙi ya bayyana hanyar Luwi, ya ambaci sunansa. Aka fitar da ɗalibi ɗaya waje, wani daga cikin baƙi ya faɗi magana, wani ɗalibin ya rubuta, aka shigo da na wajen ya sa yatsa ya karanta ba tuntuɓe. Daga ran nan hani ya ƙare a makarantar. Dufau kansa daga baya ya yabi rubutun a cikin littafinsa, wannan kuwa a ba shi.

Amma lafiya ta riga ta tafi. Tun wajen 1835 Luwi ya fara tarin jini, tarin fuka ne, wanda ya ci yara da yawa a tsohon ginin. Ya riƙa rage aji, ya kan koma Coupvray ya sha iska, in ya ji dama ya komo. Cikin Disamba, 1851, ciwo ya kwantar da shi a ɗakin jiyya na makarantar, ya rasu ran 6 ga Janairu, 1852, kwana biyu bayan ya cika shekara 43. Bai yi aure ba. Cikin kayansa aka sami wani ɗan akwati da ya bar wasiyya a ƙone. Ashe takardun bashin da ya ke bin mutane ne, na kuɗin da ya ranta wa ɗalibai da abokai daga ɗan albashinsa. Aka ƙone su yadda ya so. Jaridun Faris ba su ba da labarin mutuwarsa ba. Aka kai gawarsa ƙauyensu aka binne.

Sai a 1854, bayan shekara biyu da rasuwarsa, hukuma ta amince da rubutun a Faransa. Daga nan ya tsallaka. A Ingila wani likita da idonsa ya raunana, Thomas Armitage, ya kafa ƙungiya a 1868, ya ce makafi ne da kansu za su gwada hanyoyin rubutu iri iri su zaɓa, suka kuwa zaɓi na Luwi. A 1878 aka yi babban taro a Faris, wakilan ƙasashen Turai suka yarda da shi. Amurka ce ta daɗe tana jayayya, makarantu sun rabu, waɗansu na bin wani rubutun ɗige-ɗige na birnin New York, waɗansu na bin wani dabam, har ya zama Helen Keller, shahararriyar matan nan makauniya kuma kurma, sai da ta koyi iri iri kafin ta iya karanta littattafan ƙasarta. Sai a 1932 Ingila da Amurka suka daidaita a kan rubutu ɗaya na Turanci. Bayan yaƙin duniya na biyu hukumar UNESCO ta yi aikin daidaita shi ga sauran harsuna, har da Larabci, wanda a wannan rubutu daga hagu a ke karanta shi. Yau akwai Alkur'ani da Littafi Mai Tsarki duka da ɗige-ɗigen nan, Hausa ma tana da nata, da alamun ɓ da ɗ da ƙ. Makarantar makafi ta fari a Nijeriya ita ce ta Gindiri, an buɗe ta a 1953.

Cikin Yuni, 1952, da ya cika shekara 100 da rasuwa, gwamnatin Faransa ta tono ƙasusuwansa ta kai Panthéon, inda a ke ajiye manyan mutanen ƙasar. Makafi daga ƙasashe da yawa suka bi gawar da fararen sanduna cikin titunan Faris, Helen Keller ma ta zo. Mutanen Coupvray ba su yarda a kwashe musu shi duka ba, suka roƙa aka bar musu ƙasusuwan hannuwansa, suna nan cikin ɗan akwati a bisa tsohon kabarin. Gidan uban da rumfar dukancin an mai da su gidan tarihi.

Saura mu koma ga allon ƙofa. Littafi ne rubutun ya fara shiga, ya daɗe kafin ya hau bango. A 1990 Amurka ta yi dokar kare haƙƙin naƙasassu, ƙa'idodin da suka biyo bayanta kuwa suka ce allon da ke nuna ɗaki a ginin jama'a, ko ofis ko makewayi ko matakala, dole ya zo da abu biyu: manyan baƙaƙe masu tudu, sa'an nan rubutun Birel a ƙarƙashinsu. Dalilin haɗa su kuwa shi ne, mafi yawan makafi da girmansu suka rasa ido, ta hanyar tsufa ko ciwon sukari ko hawan jinin ido. Irin waɗannan sun san siffar baƙaƙen boko tun suna yara, amma ba su koyi ɗige-ɗige ba. Baƙaƙen Haüy da suka gaza wajen littafi sun isa wajen kalma ɗaya ko lamba biyu a bakin ƙofa. Ƙa'idodin sun bi abin daki-daki. Tsawon harafi daga kashi 5 cikin 8 na inci zuwa inci 2, ba ƙawa ba lanƙwashe-lanƙwashe. Rubutun ya kasance tsakanin inci 48 da inci 60 daga ƙasa, inda hannun mai tsaye da na mai keken guragu duk za su kai. A kafa allon jikin bango ta gefen mariƙin ƙofa, don mutum ya san inda zai lalubo shi kullum, kada kuma ƙofa ta buge shi yana cikin karatu. Launin baƙaƙen ya bambanta sosai da na allon, kada kuma ya yi ƙyalli, saboda masu gani dishi-dishi. A cikin lif kuwa a kan sa tauraro mai tudu kusa da lambar hawan da ƙofar fita waje ta ke.

A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a kan haƙƙin naƙasassu, sashe na 9 ya ambaci sa alamu da rubutun Birel a gine-ginen jama'a, Nijeriya kuwa ta tabbatar da ita a 2010. Cikin Janairu, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga ya yi hulɗarsa. Wa'adin ya cika a Janairu, 2024. Kowa ya duba sakatariya da asibiti da makarantun garinsu, ya ƙidaya ƙofofin da makaho zai iya sanin ta wace ce ba tare da ya tsai da mai wucewa ba. Dokar nan har wa yau ta taɓa mu kai tsaye, gama ta ce rubutun Birel da maganar hannu ta kurame su shiga cikin abin da a ke koyarwa a makarantu, daga firamare har sama. A shekarar 2019 ɗin ne kuma aka fara bikin ranar rubutun Birel ta duniya, ko wace ran 4 ga Janairu, ranar haihuwar Luwi.

Wanda ya ke so ya fara gwadawa, lambobi sun fi sauƙi, domin ba su da alamu dabam. Haruffa goman farko su ne 1 zuwa 9 da sifiri, sai dai a kan sa wata alama gabansu don a san lamba ce ke zuwa, ɗigo na 3 da 4 da 5 da 6, siffarta kamar L da aka juya ta fuskanci hagu. In kun tarar da ita a gefen ƙofa, bayanta ɗigo ɗaya a sama, bayansa kuma biyu a tsaye, to, a da b ke nan, ɗaki na 12.